Kibiyar bayani da ta ƙi tsayawa inda ka ajiye ta

Sani, jiya ka tambaye ni me ya sa a zanen gidan nan na Agege da kake yi a manhajar zane ta AutoCAD, kibiyar bayani, wato kibiyar da ke haɗa rubutu da abin da yake nunawa, take karkacewa da kanta, wani lokaci kanta ya ɓace, sannan da aka buga takarda babu rubutun. Na ga kana bin kowace kibiya da linzami kana miƙar da ita. Daina haka, ɗana, gobe ma za ta sake yi maka.

Fara duba maɓallan F8 da F3. In F8 a kunne yake, layin ba zai tafi sai a tsaye ko a kwance. F3 kuwa shi ke sa bakin kibiya ya yi tsalle ya kama kusurwar taga alhali bango kake nufi.

In ba su ba ne, rubuta MLEADERSTYLE ka shiga Leader Structure. Nan ne ake kulle kusurwar gaɓar farko, a ce digiri 45, to duk yadda ka ja a haka za ta tafi. Cire alamar.

Batun kan kibiya shi na fi so ka fahimta. Mu da milimita muke zane, gida mai faɗin mita 12 a kwamfuta 12,000 ne. Kibiya mai girman 4 a gefen wannan ai ƙwayar gero ce, tana nan, idonka ne bai kai ba. In a sikelin 1:100 za ka buga, kuma salon ba Annotative ba ne, wato wanda girmansa ke bin sikelin takarda da kansa, sa sikelin salon ya zama 100, ta koma 400. Kuma ka lura, in layin bai kai ninki biyu na tsawon kan kibiyar ba, AutoCAD cire kan yake yi. Ƙara masa tsawo kawai.

Rubutun da ya ɓace a takarda kuma, wannan matsalar salon Annotative ce. Ka rubuta shi a 1:100, tagar da ke nuna zanen a shafin bugawa tana 1:50, bai san wannan sikelin ba sai ya ɓuya. Zaɓe shi, rubuta OBJECTSCALE, ƙara 1:50. Wasu ANNOALLVISIBLE, mai nuna rubutun kowane sikeli, suke kunnawa su wuce. Ni ba na yarda da haka, domin rubutun zai fito da girman da bai dace ba, birkila kuma da abin da ya karanta yake gini.

In ka gyara salon, adana shi a samfurin zanen ofis. Bayan Azahar ka kawo mini in duba kafin a kai bugawa Shomolu.