Alhazai na shigowa da farashi a waya: yaya zan yi da shagona?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni haifaffen Makka ne, na gaji shagon mahaifina a Misfala, muna sayar da abaya, jallabiya, turare da dabino. A da cinikin azumi da na aikin Hajji ke riƙe mu har shekara ta zagayo. Yanzu alhaji zai ɗaga kaya, ya duba waya, ya ce ya gani da araha, ya fita. Yarana sun matsa in buɗe TikTok. Akwai amfani kuwa? Daga wani ɗan kasuwa, Misfala.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Allah Ya jiƙan mahaifi, Ya sa albarka a shago.

Iyayenmu sun san lungun da ake sarin kaya a Balad ta Jidda, baƙo bai sani ba, a nan ribarsu take. Wannan ribar ta tafi, kuma ba na ganin za ta dawo. Tun 2017 da aka buɗe kasuwar intanet ta Noon, kamfanin Amazon kuma ya sayi takwararta Souq, farashi ya koma tafin hannun kowa. Ga harajin kaya a nan Saudiyya ya tashi daga kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari a Yulin 2020. Ga naira ta zube tun da aka sake ta a 2023, alhali riyal na nan ɗaure da dala. Alhajin da ke taya maka kaya da rabin kuɗi ba rowa yake yi ba, guzurinsa ne ya ƙanƙance. Ka yi masa uzuri.

Kada ka shiga gasar araha da waɗannan kamfanoni, ba ka da sito irin nasu. Kai Hausa kake da ita a baki, kuma ga kayan a gabanka. Hajiyar da ke sayar da abaya a Kano ko Damagaram ba abin da take tsoro kamar hoto: ta ga baƙi wuluk a waya, kaya ya iso a koɗe. Kai za ka zama idonta. Fito da abayar ƙofar shago inda rana ke haskawa, ka ɗauki bidiyo, ka juya bakin rigar ta ga ɗinki, ka ɗora tef ta ga tsawo. In dabino ne, ka ɓare ajwar Madina ta ga cikinta, ka kuma gaya mata gaskiya cewa ɗanyen dabinon sukari na yankin Ƙasim ba ya jure doguwar tafiya sai da sanyi. Ranar da ka hana ta sayen abin da zai lalace mata, ranar ka samu abokiyar ciniki.

Shi ya sa nake so ka sauya yadda kake kallon lokacin Hajji. Duk wanda ya saya, nemi izininsa ka ajiye lambarsa da garinsu. Idan Muharram ya kama, Misfala ta yi shiru, su za ka riƙa tura wa sabon kaya ta WhatsApp. TikTok ɗin, bar wa yaran su yi, a san da shagon. Amma ciniki da amsa ƙorafi, kai za ka riƙe da kanka.

Sai batun doka, kuma a nan ba na son sakaci. Dokar cinikin intanet ta Saudiyya ta 2019 ta wajabta ka bayyana sunanka da adireshinka, ta kuma ba mai saye kwana 7 ya mayar da kayan da bai yi amfani da su ba. Ka yi wa shagon intanet ɗin rajista. Ruwan Zamzam kuwa, ko an roƙe ka kada ka sa shi a kago, an hana fitar da shi don kasuwanci.

Farashi ka faɗa da riyal, mai saye ya yi lissafin canjinsa. Ka fayyace wanda zai biya kuɗin kago tun kafin a ɗaure kaya, kuma kada kwali ya bar shago sai kuɗi sun shigo asusunka.