Me ya sa saniya ke narkar da ciyawa, mutum kuwa ya kasa?

Tambaya: Malam, an koya mana cewa sitaci da selulos ɗin da ke jikin ciyawa duk daga sukarin gulukos aka gina su. To, me ya sa cikinmu ke narkar da ɗaya, ya kasa narkar da ɗayan? Daga wata ɗalibar kimiyya.

Amsa: Abin da aka koya muku gaskiya ne, kuma amsar tambayarki tana wajen ɗaurin da ke haɗa gulukos da ɗan'uwansa. Kowace ƙwayar gulukos tana ɗauke da kabon 6, haidirojin 12 da oksijin 6. A dunƙule, idan biyu suka haɗu, haidirojin biyu da oksijin ɗaya ne ke fita a matsayin ƙwayar ruwa, sai wani oksijin ya tsaya tsakaninsu ya riƙe su. Ta irin wannan fitar da ƙwayar ruwa ne ake jera amino asid iri 20 a gina furotin.

Narkar da abinci shi ne komawa baya, wato a mayar da ruwan cikin ɗaurin har ya tsinke. Wannan ba ya faruwa da sauri sai da taimakon inzayim, wato sinadarin da jiki ke yi don hanzarta irin wannan aiki, kuma kowane inzayim da siffar ɗaurin da yake kamawa, abin da masanin Jamus Emil Fischer ya kwatanta da makulli da kwaɗo a 1894. Amiles, inzayim ɗin da ke cikin yawu, ya dace da ɗaurin sitaci, shi ya sa idan kika daɗe kina tauna burodi za ki ji ya fara zaƙi a bakinki.

A selulos kuwa, kowane gulukos a kife yake idan aka kwatanta shi da na kusa da shi, don haka jerin ke miƙewa sambal, ya manne da maƙwabtansa ta hanyar ɗaurin haidirojin, ya zama zare mai tauri wanda amiles ba ya iya kamawa. A ganina wannan ne wurin da ya kamata ɗalibi ya fi lura, domin ɗan sauyin matsayi a ɗauri guda ne ya raba abinci da itace.

Ita ma saniyar ba ta yin inzayim ɗin tsinka selulos da kanta. Ƙananan halittun da ke zaune a tumbinta ne ke tsinka selulos, ita kuma ta amfana da asid ɗin da suke fitarwa. A jikin mutum, yawancin selulos yana wucewa ta hanji bai narke ba, yana sauƙaƙa fitar bayan gida.