Kunun Baba Soja

Amaryata, saƙonki ya iso. Ƙaninki ya karanta mini sau biyu. A na farko na yi dariya har tari ya sarƙe ni, a na biyu kuwa jikina ya yi sanyi. Wai me ya sa duk shekara in hunturu ya kama ake dama kunun tsamiya a gidanmu, a raba wa almajirai har da bargo, da sunan mutumin da ko kabarinsa ba mu taɓa gani ba. Wai ƙawarki ta ce bidi'a ce. Wai in ma dole ne, ki turo kuɗi ta waya a huta da hayaƙin murhu. To ja'ira, shekara ashirin kina shan kunun nan kina miƙo kwano a ƙara miki, sai da kika shiga jami'a a Yamai kika gano yana da hayaƙi.

Ni ma ban san Baba Soja, wan babana, ido da ido ba. An tafi da shi yaƙin duniya na biyu a 1939, lokacin muna ƙarƙashin mulkin Faransa, ni kuwa sai 1942 aka haife ni. Zamanin nan kumandan ne ke aiko wa sarki yawan samarin da yake so, sarki ya sauke wa masu gari, mai gari ya nuna gida. Babana aka nuna. Wansa ya ce shi ne babba, shi zai je. Aka sa masa jar dara, aka bi da su ta teku zuwa Faransa, inda duk baƙin soja 'yan Sanagal ake ce musu, ko daga Damagaram ka fito. A watan Yuni na 1940 Jamus ta ci Faransa. Bayan haka takarda ta zo bariki, tafinta ya ce ba a ce ya mutu ba, an dai ce ba a gan shi ba.

Matarsa, wadda muke ce wa Inna, ta zauna. Manema sun zo, har da wani mai raƙuma. Liman ya ce muddin ana ci da ita, matar wanda ake zaton yana hannun abokan gaba ba a ɗaura mata aure sai an tabbatar da mutuwarsa. Ita ma ba ta nema ba. Shekara goma sha ɗaya.

Ranar da nake so ki sani, ina ɗan shekara tara, muna sussukar gero a ƙofar gida. Sai ga wani dogon mutum a kan jaki, da tsohon kwat na soja a kan rigarsa, yana tambayar gidan su wane. Mutumin wajen Tawa ne, fataucin albasa ya kawo shi. Ya ce tun da ya dawo yake ɗauke da saƙon nan, nisa da talauci suka hana shi. Aka yi masa shimfiɗa a zaure, aka kawo fura, ya ture. Ya ce ba zai sha ruwan gidan nan ba sai ya sauke nauyi. Inna tana bayan asabari, ƙafafunta kawai nake hangowa.

Ya ce tare aka kama su. Su sun yi sa'a ma, don a wasu wurare Jamusawa ware baƙaƙen suka yi suka harbe. Hitila bai son baƙar fata a ƙasarsa, saboda haka a cikin Faransa aka tsare su, a sansani mai waya mai ƙaya, a wani gari Efinal. Aikinsu saran itace a daji, ƙanƙara har ƙauri. Abinci ruwan miya da ɗan burodi, wani lokaci matan Turawan garin su aiko da ƙunshi. Ya cire takalminsa ya nuna mana, yatsu biyu babu, sanyi ya cinye. Ni yaro, abin da ya fi tsaya mini ke nan, har na yi mafarkinsa.

A sanyi na biyu tarin fuka ya kama Baba Soja, ciwon da ya kwashe fursunoni da yawa. Su biyu bargo ɗaya gare su, suna kwana baya da baya. Daren da zai cika, ya ce da abokinsa, da zai samu kunun tsamiya ko ludayi ɗaya ne, da ya warke. Baƙon ya kai nan sai muryarsa ta ƙi fita. Babana ya sunkuyar da kai yana tonon ƙasa da tsinke.

Aka kira liman, mutane suna cewa a yi masa salla ko ba gawa. Liman ya tambayi baƙo, an sallace shi? Ya ce su huɗu suka yi taimama suka sallace shi kafin Turawa su ɗauka. Liman ya ce to ya wadatar, mu Malikawa ba mu sallar wanda ba ya nan. Game da takaba kuma ya ce wata huɗu da kwana goma daga ranar rasuwa ake ƙirgawa, nata ya wuce tuntuni. Sai muka ji murya daga bayan asabari: "Malam, ni yau ya mutu." Ta shiga ɗaki ta kwance kitso, ta tuɓe awarwaro, ta yi kwanakinta cif. Liman bai ƙara magana ba. Da hunturu ya zo ta jiƙa tsamiya, ta dama babbar tukunya, babana ya sayo bargo a kasuwa ya lulluɓa wa wani almajiri da ke kwana a zaurenmu.

Babana yakan ce bashin da ba a rubuta ba ya fi nauyi. In mun yi ƙorafin surfe, kakata ta ce zumunci a ƙafa yake, na mamaci kuwa a hannu. Ki lissafa da kanki: da babana ya hau jirgin nan, ina ni, ina ubanki, ina ke da wayarki?

Waɗanda suka dawo ma ba daɗi suka tarar ba. Ranar 1 ga Disamba 1944, a Tiyaroye kusa da Dakar, sojan Faransa suka buɗe wa tsofaffin fursunonin wuta don sun nemi kuɗinsu da aka riƙe. Sai a 2024 shugaban Faransa ya yarda ya kira abin kisan kiyashi. Na ji a rediyo, na tuna ƙafar mutumin Tawa. Ku yanzu kun san ranar haihuwar 'yan ƙwallon Turai, amma in an ce ku faɗi sunan kakan ubanku sai ku hau sosa kai. Laifinmu ne ma, muka bar ku da kunu ba mu ba ku labarinsa ba.

Zancen bidi'a, ni ba malami ba ne. Ba mu sa rana ba, ba mu yanka komai, ba mu tara jama'a. Iska ta juyo, yara na rawar ɗari, mu ba su abin ɗumi mu ce Allah ya kai lada kabarinsa. Ki kai wa malamin ƙawarki haka, abin da ya ce ki faɗa mini.

Kuɗin kuwa ki riƙe abinki, ki sayo bargo mai kauri nan Yamai, ba irin na bara da ya yage kafin azumi ba. Uwarki ta fara ciwon baya, ba ta iya juya babbar tukunya. Bana ke za ki dama.