Shin Ƙwace Darak Aka Yi Wa Najeriya?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗan kasuwar banda ne a Kusiri, amma a Darak aka haife ni. Mahaifina su ne ya kawo shi Tafkin Cadi daga ƙasar Hausa. Kullum yakan ce da suka sauka babu kowa sai ciyawa da sauro, naira suke kashewa, Ngala suke kai haraji, rana ɗaya aka ce ƙasar ta Kamaru ce. Wani abokin cinikina ɗan Yola kuma ya ce ai har Garwa da Ngaundare ƙasar Lamiɗon Adamawa ce, Turawa suka yanke. Wa ke da gaskiya, kuma da wace hujja kotu ta yi hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Abin da ya ba ka labari ya faru, abokinka ma bai yi ƙarya ba. Amma daga cikin labaran nan biyu babu wanda zai sa Darak ta zama ta Najeriya, kuma idan aka haɗa su sai su ci juna. Bari mu fara da na abokinka, tunda shi ya fi tsufa.

Wajen 1809 Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya zama jagoran jihadi a ƙasar da ake kira Fombina. Ya fara zama a Gurin, bakin kogin Faro, ya yi ta sauya mazauni har ya kafa Yola a 1841, ya rasu a 1847. Kafin ƙarnin ya ƙare ikon gidansa ya kai Marwa ta arewa, ya gangara kudu har Ngaundare, Tibati da Banyo. Da takobi aka faɗaɗa wannan ƙasa, kuma babban abin da ke shiga Yola a matsayin gaisuwa bayi ne da aka kamo daga ƙabilun da aka ci da yaƙi. Masu kewar daular da yawa sukan tsallake wannan shafi.

Abin lura shi ne daular ba ta da iyakar da za ka taka ka ce nan ta tsaya. Iko a lokacin mubaya'a ce: wa ke aiko gaisuwa, wa ke zuwa da dawakinsa in an yi gayyar yaƙi, wa ke jiran Yola ta tabbatar masa da sarauta. Tibati ta sha juya wa Yola baya har aka yi ta kai mata yaƙi. Rai Buba ba ta taɓa zama mai sauƙin ja ba. Mutanen duwatsun Mandara da na Alantika da yawa ba a taɓa cin su ba, ga su kuwa a tsakiyar abin da taswira ke kira Adamawa. Tafkin Cadi ma bai shiga wannan lissafi ba sam: bakinsa na kudu harkar Borno ce da garuruwan Kotoko, tsibiran ciki kuwa na Buduma ne, waɗanda ba su cika sauraron kowane sarki ba.

Sai Turawa suka zo da ma'auni. A yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 15 ga Nuwamba 1893 aka ja layi daga Binuwai zuwa Tafkin Cadi, da aka zo Yola aka lanƙwasa shi ya kewaye garin don ya faɗa hannun Ingila. Fadar Lamiɗo ta tsaya ɓangare guda, mafi yawan ƙasarsa ta koma ɗaya ɓangaren. Lamiɗo Zubairu bai san an yi ba, da ya sani kuma bai yarda ba. Ingilishi suka ci Yola a 1901, ya tsere ya gwabza da Jamusawa a Garwa, sannan a Marwa a farkon 1902, aka kashe shi yana gudun hijira a 1903. Nan garinku kuwa, a Kusiri, sojojin Faransa suka kashe Rabe a 22 ga Afrilu 1900, shi ma kwamandansu Lamy ya mutu a ranar, aka sa wa garin ƙetaren kogi, wato N'Djamena ta yau, sunan Lamy. Dikwa, hedikwatar Rabe, ta faɗa rabon Jamus, aka raba ta da sauran Borno.

Wannan layi na 1893 ba shi ne iyakarku ta yau ba, kuma nan ne mutane suka fi rikicewa. Jamus ta rasa Kamaru a Yaƙin Duniya na Ɗaya: Garwa ta faɗi a 1915, sojojin Jamus da suka maƙale a dutsen Mora suka miƙa wuya a Fabrairun 1916. Ingila da Faransa suka raba ƙasar, Faransa ta ɗauki wajen kashi huɗu cikin biyar, Ingila ta ɗauki siririn yanki da ke jingine da Najeriya, wanda ya haɗa da Dikwa, Gwoza da Mubi. Aka rubuta sabon layin a sanarwar Milner da Simon, ministocin Ingila da Faransa, ta 10 ga Yuli 1919, gwamnonin ɓangarorin biyu, Thomson da Marchand, suka fayyace shi tsakanin 1929 da 1930, aka tabbatar da shi da musayar wasiƙu a Janairun 1931. A cikin tafki layin miƙaƙƙe ne, daga inda iyakokin Najeriya, Kamaru da Cadi suka haɗu a tsakiyar ruwa zuwa bakin kogin Ebeji, wanda ya ratsa tsakanin Gamboru da Fotokol. Lokacin da aka ja shi ruwa ne ta ko'ina, babu wanda ya damu.

Kafin mu koma tafki, ka tuna wa abokinka cewa Kamaru ma tana da nata kukan. Yankin nan da Ingila ta riƙe amana ne, ba mallakarta ba, don haka Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa aka tambayi mutanensa. A ƙuri'ar Nuwambar 1959 mafi yawan 'yan arewacin yankin suka ce a jinkirta maganar, abin da ya girgiza Kaduna, domin fushi ne da mulkin En'e na Yola da Dikwa. Aka yi gyare-gyare, Sardauna ya yi musu alkawarin lardinsu na kansu. A Fabrairun 1961 aka sake ƙuri'a: 146,296 suka zaɓi Najeriya, 97,659 suka zaɓi Kamaru. Ranar 1 ga Yuni yankin ya shiga Najeriya, ya zama Lardin Sardauna. Ahmadu Ahijo, ɗan Garwa, ya mai da ranar ta makoki, ya kai ƙarar Ingila Kotun Duniya, kotun ta ƙi yanke hukunci a kan maganar a Disambar 1963. Ka ga in tarihi za a bi a karɓi ƙasa, ɗan Yola zai nemi Garwa, ɗan Garwa zai nemi Mubi da Dikwa, ɗan dutse kuma ya ce dukansu baƙi ne. Gudun irin wannan ne ya sa shugabannin Afirka suka amince a Alƙahira a 1964 cewa kowa ya tsaya kan iyakar da ya gada ranar samun 'yanci.

Yanzu ga labarin Baba. A farkon shekarun 1960 faɗin tafkin ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000. Farin shekarun 1970 da na 1980 ya janye ruwan, musamman ta ɓangaren Najeriya da Nijar. Masunta suka bi kifi, manoma suka bi danshin da ruwa ya bari suna shuka masara da wake, aka yi ta kafa tunga a tudun da jiya ƙarƙashin ruwa yake. Hausawa, Barebari, Shuwa, har da mutanen Mali. Babu wanda ya san ya tsallake wani layi, don babu turke ko ɗaya a wurin. Hukuma kuma ta bi mutanenta: aka naɗa bulamomi, aka karɓi haraji, aka kafa makaranta da asibitin sha-ka-tafi da caji ofis, duk a ƙarƙashin ƙaramar hukumar Ngala ta jihar Borno. Daga 1987 sojojin Najeriya suka zauna a Darak. Dama tun 1983 an yi artabu tsakanin Najeriya da Cadi a kan wasu tsibirai, abin da ya sa Hukumar Tafkin Cadi ta ɗauko masu safiyo suka auna iyakokin cikin tafkin tsakanin 1988 da 1990. Najeriya tana cikin aikin daga farko, amma ba ta tabbatar da sakamakon ba.

Rikicin Bakassi, yankin bakin teku da ƙasashen biyu ke jayayya a kansa, shi ne ya kai maganar Kotun Duniya. Kamaru ta shigar da ƙara a 29 ga Maris 1994, bayan 'yan watanni ta ƙara da batun tafki, ta nemi a fayyace iyakar gaba ɗaya daga Cadi har teku. Lauyoyin Najeriya kusan maganar Baba suka faɗa da harshen shari'a: ƙauyuka 33, mutanenmu ne a ciki, mu ke mulkinsu a fili, Kamaru tana gani ta yi shiru. Ranar 10 ga Oktoba 2002 kotu ta ce a'a. Dalilinta kuwa duk wanda ya taɓa zuwa gaban alƙali kan gona ya san shi: wanda ya noma fili shekara da shekaru yana da hujja in filin ba shi da mai shi, amma in wani ya fito da takardar da ta riga nomansa, takarda ce ke ci. Takardun 1919 da 1931 sun riga Darak kanta wanzuwa. Kotu ta ƙara da cewa shekaru wajen ashirin da Najeriya ke tutiyar ta yi tana mulkin wurin sun yi kaɗan ƙwarai, kuma Kamaru ba ta sallama ba, don da Najeriya ta fito ta yi da'awar wurin a rubuce a 1994 nan take ta mayar da martani. Har bakin Ebeji sai da aka yi gardama a kansa, saboda kogin ya rabu biyu ba ya zuba a tafki ta baki ɗaya kamar da. Kotu ta ce inda bakin yake a 1931 shi ne abin lura.

Ni a ganina hukuncin daidai ne, ko da yake ya yi wa irin su Baba ɗaci. Da an ce duk inda 'yan wata ƙasa suka yi yawa ya zama nata, to kowace shekarar fari sai iyaka ta tashi, kuma mai yawan jama'a da sojoji ne zai riƙa ci. Mu Hausawa da muka bazu daga Kusiri har Yawunde mu za mu fi kowa shan wahalar wannan ƙa'ida, don ba ƙasar da za ta ƙara sakin jiki da zangonmu. In akwai laifi, yana kan gwamnatocin da suka bar talaka ya gina gida ya binne iyayensa a wuri ba tare da an gaya masa ƙasar wa yake ba.

Kuma ba Kamaru ce ta cinye komai ba, kamar yadda ake yaɗawa a majalisu. A iyakar tudu kotu ta duba wurare 17 da ake jayayya, wasu ta bi fassarar Najeriya, wasu ta Kamaru. Ta ƙi ba Kamaru diyyar da ta nema. A Disambar 2003 Najeriya ta janye daga Darak da ƙauyukan kewaye, ita ma ta karɓi Dambore. A Yulin 2004 Narki ta koma Kamaru, Burha-Wango da Ndabakura suka koma Najeriya. Bakassi ce ta ja lokaci, sai bayan yarjejeniyar Greentree ta 2006 aka kammala miƙa ta a Agustan 2008. Duk wannan ya gudana ne ta hannun kwamitin haɗin gwiwa da Obasanjo da Biya suka kafa tare da Kofi Annan, wanda ya ɗauki aikin kafa turaku a iyakar da ta kai wajen kilomita 2,000.

Akwai wurare biyu a hukuncin da nake so ka sani, don sun nuna ba a yi son kai ba. Koja ƙauyen Najeriya ne da gonakinsa suka tsallaka cikin Kamaru, Turu kuma ƙauyen Kamaru ne da ya faɗaɗa ya shiga Najeriya. A duka biyun kotu ta ce ba ta da ikon matsar da layi don gari ya girma ya wuce shi, ya rage wa ƙasashen su nema wa mazauna mafita.

Game da Baba shi kansa, ka bambance masa abu biyu. Hukuncin ya yi magana ne a kan ƙasa, bai canja wa kowa ɗan ƙasanci ba. Wanda ya zo Darak yana ɗan Najeriya bai tashi daga ɗan Najeriya ba, sai dai yanzu yana zaune ne a Kamaru, ƙarƙashin sufurefe, wato shugaban gunduma, da jandarmomi, harajinsa da takardunsa na nan ne. A cikin hukuncin kotu ta rubuta alkawarin da Kamaru ta ɗauka a gabanta na ci gaba da kare 'yan Najeriya mazauna Bakassi da yankin tafki. Kai da aka haifa a Darak, in takardar haihuwarka ta zamanin Ngala ce, ka je da ita wurin hukuma tare da shaidu daga dattawan garin a daidaita maka matsayinka, kada ka bari sai ranar da aka tare ka a shinge da lodin banda.