Tambaya da Amsa: Kundin Digirin Digirgir, Daga Rajistar Take Zuwa Rumbun Jami'a

Wasiƙun wannan watan sun karkata ga masu karatun digiri na uku. Kowace jami'a da nata littafin ƙa'idoji, kuma shi ke da magana ta ƙarshe, amma ramukan da ɗalibai ke faɗawa kusan iri ɗaya ne a ko'ina.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Taken da na yi wa rajista ya ce binciken a makarantun sakandare za a yi shi, amma aikin ya koma kan makarantun firamare. Malamin da ke duba aikina ya ce ba komai. In buga sabon taken a bangon kundin kawai? Daga wani ɗalibi ɗan shekara ta uku.

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka buga. Amincewar mai duba aikinka ta baki ce, ofis kuwa takarda ya sani. Taken da aka yi wa rajista shi ke cikin fayil ɗinka, da shi ake zaɓen masu jarrabawa, kuma da shi za a gwada kundin ranar da ka kawo shi. In suka saɓa, ko da kalma biyu ne, ana iya mayar maka da shi. Rubuta takardar neman sauya take, da tsohon da sabon da dalili a layi uku ko huɗu, mai duba aikin ya sa hannu, ta bi ta kwamitin sashe zuwa makarantar karatun gaba da digirin farko. Kwamitocin nan ba kullum suke zama ba, don haka ka fara tun yanzu.

Abin da ya fi damun mu ma ba taken ba ne. Ka tashi daga matasa ka koma kan ƙananan yara, ke nan izinin da kwamitin ɗa'ar bincike ya ba ka bai shafi waɗanda kake aiki da su yanzu ba. Sai ka nemi a gyara izinin, da takardar yardar iyaye. Kwamitocin ɗa'a ba su cika ba da izini a kan aikin da aka riga aka yi ba, kuma bayanan da aka tattara babu izini ana iya cewa a cire su ɗungurungum.

TAMBAYA: Na kusa gama babi na ƙarshe. Me zan shirya kafin in miƙa? Daga wata malamar jami'a.

AMSA: Malama, miƙa kundi yana farawa tun kafin a gama rubutu. Jami'o'i da yawa suna neman sanarwar niyyar miƙawa, galibi kamar wata uku kafin ranar, domin a samu lokacin naɗa masu jarrabawa. Mai jarrabawa daga wajen jami'a shi ke cin lokaci: sai an tabbatar ba shi da wata alaƙa ta kusa da ke ko da mai duba aikinki, kamar a ce kun buga maƙala tare, sannan a jira ya amsa gayyata. Ki kuma duba rajistarki ta wannan zangon tana nan da rai kuma ba a bin ki bashi, domin ofis ba ya karɓar kundi daga hannun wanda wa'adinsa ya ƙare sai an sabunta. A Faransa, dokar 25 ga Mayu 2016 ta ce a ajiye kundin wata ɗaya kafin ranar kare shi.

Sai binciken satar fasaha. Manhajoji irin su Turnitin kamanceceniyar kalmomi suke ƙirgawa, ba hukunci suke yankewa ba. Adadin na iya hawa saboda jerin manazarta, ko saboda maƙalar da ke kanki kika buga daga babi na huɗu, alhali kundin da ya nuna adadi ƙanƙani yana iya ɗauke da sakin layi guda da aka kwafo babu ambato, wanda shi kaɗai ya isa laifi. Duk abin da kika riga kika buga, ki bayyana shi a shafin farko-farko, da sunan mujallar da shekarar, da rawar da kowane abokin rubutu ya taka.

Fayil ɗin kuma ki mayar da shi PDF/A idan an nema, wato nau'in PDF da aka tsara don ajiya ta dogon lokaci, wanda ke ƙunshe da haruffan rubutun a cikinsa. Ga dalili: kundi yana iya fitowa tsaf a kwamfutarki, a buɗe shi a wata kwamfutar a tarar duk ƙ da ɗ da ɓ sun zama akwatuna, ko ayar Larabci ta wargaje harafi-harafi. Ki buɗe shi a na'urar wani, ki bi shi shafi-shafi, musamman jadawali da rataye.

TAMBAYA: Na kare kundina an ce na ci, sai 'yan gyare-gyare. Zan iya sa Dakta a gaban sunana?

AMSA: Barka da arziki, amma ka ɗan dakata. Masu jarrabawa shawara suka bayar. Majalisar jami'a ce ke ba da digiri, bayan an amince da gyara an kuma ajiye kwafin ƙarshe. A Jamus ma sai an wallafa kundin kafin mutum ya sami cikakken ikon amfani da laƙabin. Ƙananan gyare-gyare a jami'o'in Birtaniya galibi wata uku ake bayarwa, manya kuwa daga wata shida zuwa shekara. Faransa ma wata uku ta yanka.

Yi jadawali mai gida uku: abin da mai jarrabawa ya ce, abin da ka yi, da lambar shafin a sabon kwafi. Inda ba ka yarda da gyara ba, faɗi dalilinka cikin ladabi, kada ka tsallake shi shiru. Kuma kada ka ƙara sabon sashe da babu wanda ya nema, domin abin da aka jarraba shi ake ajiyewa.

TAMBAYA: An ba ni fom in sa hannu a saka kundina a intanet kowa ya gani. Ina son in mayar da shi littafi, kuma akwai wata na'ura da na ƙera da nake fatan yi wa rajistar mallaka. In sa hannu? Daga wata injiniya.

AMSA: Wannan fom ɗin, 'yar'uwa, ya fi duk sauran bukatar natsuwa, domin abin da ya fita intanet ba ya dawowa. Ajiye kundi daban, sakin sa daban. Ajiyewa a rumbun jami'a wajibi ne kusan ko'ina. Saki kuwa ana iya jinkirta shi: take da tsakure su bayyana, cikakken kundin ya zauna a rufe zuwa wani lokaci, kamar wata shida, shekara ɗaya ko biyu. Amma ana neman jinkirin ne kafin ajiyewa ko lokacin ajiyewa, da dalili a rubuce da sa hannun mai duba aiki. Ranar da wa'adin ya cika, yawanci kundin buɗewa yake da kansa, babu mai kiranki a waya, saboda haka ki rubuta ranar inda za ki gani.

Maganar na'urar ita ce ta gaggawa. Ana yi wa ƙirƙira rajista ne idan sabuwa ce, ba a taɓa bayyana ta ga jama'a ba. A dokar Turai, kundin da ya shiga hannun jama'a kafin a shigar da takardar neman rajista ya isa ya kashe neman, ko da kuwa ke kika rubuta shi. Amurka tana ɗaga wa mai ƙirƙirar ƙafa na wata 12, amma wannan sassaucin bai shafi neman rajista a Turai ba. Tsakuren da ya fayyace yadda na'urar ke aiki shi ma bayyanawa ne, haka zaman kare kundi da aka buɗe wa kowa. Ki je ofishin da ke kula da ƙirƙire-ƙirƙire a jami'arku kafin ki sa hannu a ko'ina, domin ta yiwu ma jami'ar tana da kaso a cikin mallakar.

Littafin bai kai nan tsanani ba. Manyan mawallafa da dama suna karɓar littafin da aka sake wa fasali daga kundin da ke intanet, wasu kuwa ba sa so. Ki tambayi wanda kike hari kai tsaye. A mafi yawan jami'o'i haƙƙin mallakar rubutun yana hannunki, izinin ajiyewa da nunawa kawai kike ba su. Idan fom ɗin ya kawo zaɓin lasisin Creative Commons, wato izinin da ke ba jama'a damar kwafa da yaɗa rubutun bisa wasu sharuɗɗa, ki sani ba a janye shi daga kwafin da ya riga ya fita. Jami'o'in Amurka da yawa kuma suna tura kundaye zuwa ProQuest, wani kamfani mai tattara kundaye a intanet, wanda ke da tasa yarjejeniyar, don haka jinkirin sai ki nema a wurare biyun. Saƙonnin imel da za su fara zuwa suna yabon kundinki suna tayin buga shi kyauta kamar yadda yake, a ganinmu ki rabu da su: ba sa tacewa, kuma sukan karɓe haƙƙin da za ki bukata gobe.

TAMBAYA: Akwai taswirori da hotunan da na ɗauko daga littattafan wasu. Na ambaci inda na samo su. Ya wadatar?

AMSA: Ambato yana kare ka daga zargin sata, amma ba izinin yaɗawa ba ne. Rubuta wa mawallafin ka nemi izini, ka adana amsar. Wanda bai amsa ba, ka shirya kwafi biyu: cikakke na ajiya, da na intanet wanda aka cire hoton aka bar bayanin inda za a same shi. A wannan kwafin na biyu ka cire sa hannun masu jarrabawa, da sunaye da lambobin wayar mutanen da ka yi hira da su in sun saura a rataye.