Tarar Yankan Albashi a Takardar Ɗaukar Aiki: Abin da Doka Ta Tanada

Tambaya: Barista, wani kamfani a Kano ya ba ni takardar ɗaukar aiki a matsayin mai kula da sito. An rubuta cewa duk ranar da na makara za a cire naira 5,000 daga albashina, kuma idan na ajiye aikin kafin shekara 2 zan biya su albashin wata 3. Ban sa hannu ba tukuna. Doka ta yarda da haka?

Amsa: Malam, ka kyauta da ka tambaya tun alƙalami bai taɓa takarda ba. Sharuɗɗan nan biyu hukuncinsu ba ɗaya ba ne.

Tarar makara ita ce ta fi fitowa fili. Sashe na 5 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya haramta wa mai ɗaukar ma'aikata ya cire wani abu daga albashin ma'aikaci da sunan tara, har ma ya haramta masa ƙulla yarjejeniya da ma'aikacin a kan hakan, wanda ke nufin ko ka sa hannu, sa hannunka ba zai halatta abin da doka ta hana ba. Ƙofar da sashen ya bari ita ce inda ma'aikaci ya jawo asara da gangan ko ta sakaci, misali buhunan sukari suka jiƙe saboda ya bar tagar sito a buɗe da damina. Ko a nan ma sai an sami rubutaccen izinin jami'in ƙwadago tukuna, kuma jimillar abin da za a cire a wata ɗaya kada ta wuce kashi ɗaya cikin uku na albashin watan. Haraji da kuɗin fansho ba su shiga wannan hani ba, domin doka ce ta wajabta cire su.

Sai dai ba kowa ne wannan kariya ta shafa ba. Sashe na 91 ya keɓe ta ga masu aikin ƙarfi da na akawu, ya fitar da manajoji da ƙwararru. A ganina aikin sito yana cikin na akawu, amma kotu za ta duba ainihin abin da kake yi kullum, ba sunan muƙamin da ke kan takarda ba.

Sharaɗi na biyu shi ne ya fi damuna, domin da irinsa ake ɗaure matasa da talauci ya sa ba sa iya cewa a'a. Ƙa'idar da kotuna ke bi ita ce, kuɗin da aka gindaya don tsoratarwa ba a tilasta biyansa, amma wanda ya zama ƙiyasi na gaskiya na asarar da za a yi ana iya tilastawa. Da kamfanin zai kashe kuɗi ya tura ka horo, da yana da hujjar neman abin da ya kashe idan ka tafi da wuri. Idan babu horo, albashin wata 3 ya yi kama da barazana, musamman da yake sashe na 11 ya nemi sanarwar mako ɗaya kacal daga wanda ya yi aiki fiye da wata 3 amma bai kai shekara 2 ba, ko da yake yarjejeniya na iya tsawaita wa'adin.

Shawarata ita ce ka rubuta musu cikin ladabi ka nemi a soke tarar, a musanya ta da gargaɗi a rubuce, sannan a bayyana abin da kuɗin barin aikin ke madadinsa, yana kuma raguwa gwargwadon watannin da ka yi. Idan buƙata ta tilasta ka karɓi aikin a haka, ka adana kwafin takardar, da takardar albashi ta kowane wata, da saƙonnin banki. Ranar da aka fara yanka, ka kai koke ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke jiharka. Idan sulhu ya gagara, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda sashe na 254C na tsarin mulkin 1999 ya ba hurumin shari'o'in aiki, tana da reshe a Kano, kuma a can za ka nemi a mayar maka da duk abin da aka cire.