Kufai, kango da juji: amsar tambayoyin masu karatu

Wani malamin makaranta daga Argungu ya tambaya: mene ne bambancin kufai da kango, kuma don me ake cewa "kufan gari" ba "kufain gari" ba?

Malam, kango gini ne da masu shi suka fita suka bari, ko da maƙwabta na nan kewaye da shi. Rufi ya burma, bango na tsaye, awaki na kwana a ciki. Kufai kuwa wurin zama ne da aka tashi daga shi ɗungurungum, birni ne ko ƙauye ko tunga. Kango daga nesa ake hango shi, kufai sau da yawa sai an sunkuya an dubi ƙasa. Saboda haka masu cewa "kangon Surame" sun rage wa wurin girma. Surame kufai ne: birnin da Sarkin Kabi Muhammadu Kanta ya gina a ƙarni na 16 da ganuwar dutse da laka, Kabawa suka bar shi suka koma Birnin Kebbi wajen farkon ƙarni na 18. Yau yana cikin jihar Sakkwato, ƙasar Binji. Haka Birnin Zamfara ya zama bayan Gobirawa sun ci shi a zamanin sarkinsu Babari, haka ita ma Alkalawa, babban birnin Gobir, bayan 1808.

Batun "kufan" kuwa doka ce ta harshe. Kalmar da ta ƙare da -ai, in aka liƙa mata -n, sai i ɗin ya faɗi: kai, kan sarki, mai, man shanu, rai, ran yaro. Shi ya sa ake kiran wani sanannen kufai da ke ƙasar Damagaram a Nijar da Kufan Kanawa.

Wata ɗaliba daga Gusau ta ce an faɗa wa mahaifinta "babba juji ne", ita kuma ta ɗauka zagi ne.

'Yata, ba zagi ba ne, ban haƙuri ne. Cikonsa shi ne "kowa ya kwaso shara sai ya zuba masa". Babba shi ake kai wa ƙorafi da laifi da tsegumi, ya haɗiye. A wajenku za ki fi jin tsofaffi na cewa jibji, kuma ita ce tsohuwar siga, kamar yadda sabro ya zama sauro, zamna ya zama zauna a bakin Kanawa.

Sai dai akwai abin da karin maganar ya ɓoye: juji da sharar da ake zuba masa yake girma. Da haka tuddan tsofaffin garuruwa suka samu. Ɗakin laka ya faɗi, ba a kwashe ƙasar, sai a baje ta a sake gini a kai. Toka, ƙashi, fasasshiyar tukunya, duk suna taruwa bayan gida. Ƙarni bayan ƙarni gari na hawa kan kansa. Tudun Daima a Borno, wanda mai binciken kayan tarihi Graham Connah ya tona a 1965 da 1966, ya haura mita 10, kuma duk hannun mutane ne ya tara shi.

Mai son ya gane irin wannan tudu ya je bayan ruwan farko, kafin ciyawa ta rufe. Zai ga tsingaro a warwatse inda ruwa ya zaizaye, da dutsen niƙa, da kashin maƙera inda aka taɓa narka tama. Ƙasar takan fi ta kewaye duhu da taushi saboda toka, shi ya sa gero ke yin kyau a kufai. Kukoki a cunkushe wuri ɗaya su ma alama ce. Suri ko tudun yashi ba su da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Masu bincike ba sa haƙa kamar rijiya. Sukan shata fili kamar mita 2 kowane gefe, su riƙa ɗebe ƙasa kimanin santimita 10 a kowane zubi, su tankaɗe ta da rariya, su rubuta zurfin da aka tsinci kowane abu. Na ƙasa ya girmi na sama. Gawayin da aka samu a wani zurfi shi ake kai wa ɗakin gwaji ya faɗi shekarun abin da ke tare da shi. Ga inda ɓarna take: mai ɗibar ƙasar gini ko mai neman tukunyar dukiya, da ya cakuɗa sama da ƙasa, lissafin ya tafi ke nan, ko da bai ɗauki komai ba. Wanda garmarsa ta tono wani abu ya bar shi a inda yake, ya sanar da mai gari da gidan tarihi mafi kusa, kamar na Kanta da ke Argungu.

Wani kuma daga Anka ya tambayi gwalalo. Shi ne ramin da ke bin bayan ganuwa, inda aka ɗebi ƙasar gina ta. In ganuwa ta narke ta zama ɗan tudu mai tsawo, gwalalo ne ke riƙe ruwa da damina ya nuna iyakar birnin.